Hoto na Talatin da Shida

Dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Ngo Ana ne ranar wata Talata, rana tana shirin faɗawa bayan duwatsun Kabong, ita kuwa tana tsakar gida tana juya gwate a tukunya. Ta ɗaga kai ta zagi 'ya'yan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da wanda iyayensa suka koma Bukuru tun bara. Na biyu ya faɗo. Na uku kuwa ba a kan kwano ya sauka ba. A cikin falo aka ji shi, ɗakin da ƙofarsa da tagarsa duk a rufe suke. Ya gangara a hankali ya tsaya ƙarƙashin teburin da aka ɗora kyamarar marigayi mijinta.

Rwang Mai Hoto, haka Jos ta san mijin. Shekara talatin yana da ɗan shago a Terminus, kuma da kyamara ɗaya tal ya yi su: wata baƙa mai nauyi, ƙarfe zalla, ba ruwanta da batir. Kana naɗa fim da babban yatsa, ka leƙa ta wata 'yar taga. A tsakiyar tagar za ka ga mutum ya rabu biyu, sai ka juya zoben gilashi har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. Rwang ya ɗauki amare da angwaye, da dattawan coci, da alhazai, da gawarwakin da danginsu suka makara. Shi kansa kuwa, ko ɗaya. In an ce ya tsaya a ɗauke shi sai ya ce, “To wa zai riƙe kyamarar?”

Sai da ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, saura mako guda a kai shi asibitin da bai dawo ba, ya sa kwat ɗinsa ta aure da yamma, ya jingina da dutsen bayan gida, ya miƙa wa Ana kyamarar.

“Saura ɗaya a fim ɗin, na talatin da shida. Kada ki danna sai na zama mutum ɗaya.”

Ana ta leƙa, hawaye ya cika mata ido. Biyu ta gani, ko uku, ita ma ba ta sani ba. Ta danna.

Shekara goma sha ɗaya fim ɗin yana cikin kyamara, kyamarar tana cikin akwatin ƙarfe, akwatin yana ƙarƙashin gado. Ga mutane tana cewa masu wankin fim sun ƙare a gari, kowa ya koma waya. Gaskiyar ita ce tsoro take ji. Muddin ba a wanke ba, mijinta yana nan a tsaye cikin kwat ɗinsa. Fuskarsa kuwa ta fara zame mata. Takan tuna muryarsa, da warin ruwan wankin hoto a yatsunsa, amma in ta nemi hancinsa sai ta samo na ƙaninsa.

'Yarta Zipora ce ta fito da kyamarar ranar Litinin. Bikinta saura wata ɗaya, kuma ta rantse sai hoton ubanta ya zauna a kan babban tebur. Ta samo wani tsoho a Kaduna da har yanzu yake wanki a ɗakin duhu, ta ce ranar Asabar za ta kai masa.

Ranar Laraba duwatsun suka dawo a daidai lokacin. Ranar Alhamis ba a yi jifa ba. Gidan ya yi tsit, kaji suka shige akurki tun rana ba ta faɗi ba. Ana ta leƙa falo ta tarar da Zipora zaune a ƙasa, ta rungume kyamarar a ƙirji tana jijjiga ta kamar jariri.

“Zipora, tashi ki ɗauko mini gishiri.”

Yarinyar ta ɗago. Idanun nata ne, kallon ba nata ba. Wata murya ta fito daga bakinta, ta tsohuwa, a dishe, da irin Hausar da Ana ta daina ji tun kakanninta.

“Ke ce mai hawayen?”

Fasto ya zo da mai da Littafi, ya yi addu'a har muryarsa ta mutu. Muryar ta saurare shi da ladabi, ta ce amin a duk inda ya dace, ba ta tafi ba. Matan Zumunta na coci suka zo su goma sha biyu da tulu da kacau-kacau, suka yi waƙa, suka cinye gwate tukunya biyu, suka ce a ci gaba da azumi. Asabar ta zo ta wuce. Zipora ta daina ci, wuyanta ya zama kamar na kaza. Dangin ango suka fara aiko da gaisuwa mai tambaya a ciki.

Felicitas mai shagon kayan miya ce ta ja Ana gefe, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

“Mama Zipora, wannan abu ba na asibiti ba ne. Aljanin nan Hausa yake yi, ko? To ka nemo masa mai Hausa. Yesu ba zai yi fushi ba, ya san ka gwada.”

Haka Ana ta ɗaura ɗankwali ta hau keke mai ƙafa uku zuwa Titin Bauchi neman malami, cikin unguwar da ƙafarta ba ta taka ba tun shekarun rikici. Malam Ɗalhatu dattijo ne siriri mai gilashi ɗaure da zare. Da ta faɗi sunan mijinta sai ya nuna mata bango, inda wani saurayi mai ƙasumba yake murmushi da jakar aikin hajji a kafaɗa.

“Shi ya ɗauke ni. Sau huɗu yana sa ni gyara hula. Mu je, Ngo.”

Sun iso ana kiran magariba daga nesa. Malam ya yi sallarsa a tsakar gida, sannan ya zauna a bakin ƙofar falo, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Bai ɗaga murya ba, bai kawo bulala ba. Can Zipora ta yi wata doguwar ajiyar zuciya.

“Ya isa, Malam. Kunnena yana zafi.”

“Wace ce ke?”

“Matar aure. Ko bazawara. Ita za ta faɗa mini wacce.”

“Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Za ta kai mijina a tsoma shi a ruwan guba.”

A hankali labarin ya fito. A dutsen bayan gida suke zaune, ita da mijinta, tun kafin Turawa su zo haƙar kuza. Mijinta mutumin kirki ne, sai dai son hoto. Duk inda Rwang ya ɗaga kyamara sai ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda za a ɗauka, yana gyara rawani. Shi ne mutum na biyun da ake gani a tagar. In Rwang ya juya zobe, sai a ture shi waje, ya dawo gida yana mita. Ran nan aka danna ba a juya ba.

“Shekara goma sha ɗaya ina nemansa. Na je duwatsun Shere, na shiga kowane kududdufin kuza. Ashe yana ƙarƙashin gadonki cikin ƙarfe, inda ba na jin kiransa. In an wanke fim ɗin nan ya kafe a takarda har abada.”

“To me kike so?” in ji Malam.

“A buɗe bayan kyamarar a gaban haske. A zaro fim ɗin duka.”

Ana matar mai hoto ce, ba ta bukatar a yi mata bayani. Haske ko na ƙiftawar ido ne ya taɓa fim ɗin da ba a wanke ba, komai ya tafi.

Malam ya gwada ciniki, don aikinsa ne. Ya ce a yanke na ƙarshen kawai. Muryar ta ce ai na ƙarshen ne maganar. Ya ce a buɗe a ɗakin duhu a bar shi ya lallaɓo ya fita. Ta ce da duhu yana sakinsa da bai shekara goma sha ɗaya a ciki ba. Ya ce zai iya ƙona ta da karatu. Ta ce zai iya, amma a jikin yarinyar take, kuma ba ta da sauran abin da take tsoron rasawa.

Malam ya cire gilashinsa ya goge.

“Ngo, nawa ya ƙare. Saura naki.”

Ana ta durƙusa a gaban 'yarta. Ta daɗe tana kallon ƙasusuwan wuyan nan.

“Baiwar Allah,” ta ce, “hoton nan shi kaɗai gare ni. Ko na fasfo babu.”

“Na sani. Naki ya tafi inda ba a dawowa. Nawa yana jin mu yanzu haka.”

Ba a ƙwace ba, hannun Zipora ne ya saki kyamarar da kansa. Ana ta fita da ita tsakar gida, inda sauran jan haske ya rage a kan katanga. Yatsunta sun san wurin, ta sha ganin ana yi. Ta ja ɗan maɓallin, bayan ya buɗe da ƙaramin sauti. Ta kama fim ɗin ta ja, ta ja, yana nannaɗewa a hannunta. Ta ɗaga ƙarshensa sama ta duba, ko da wani abu zai nuna kafin ya tafi. Ba komai sai toka-toka, kamar bayan faranti.

Wata iska mai sanyi ta ratsa gidan, ta kaɗa wankin da ke kan igiya. A falo muryar ta yi wata 'yar dariya da kuka a cikinta.

“Ga shi nan. Ya rame. Ko rawanin bai gyara ba.”

Ana ta dawo bakin ƙofa da gudu.

“Tsaya! Tambaye shi. Shi ya zauna da hoton. Yaya ya fito? Rwang yaya ya fito?”

Har Malam ya ɗauka ta tafi, sai muryar ta dawo.

“Ya ce kin yanke masa kai. Daga wuya zuwa ƙasa kika ɗauka, kwat ce kawai da dutse. Ba ki yi asarar komai ba, 'yar'uwa. Sai wata rana.”

Zipora ta sulale ta kwanta. Jim kaɗan ta buɗe ido ta ce, “Mama, yunwa nake ji,” da muryarta ta kullum, mai ɗan shagwaɓa. Felicitas, wadda tun ɗazu take laɓe a bayan ƙofa tana riƙe da carbinta na Katolika, ta ruga ɗora shayi.

Ana ta raka Malam Ɗalhatu har bakin titi, fim ɗin yana naɗe a hannunta ba ta sani ba. Suka tsaya jiran keke. Sai da ɗaya ya tsaya ta ce:

“Malam, suna ƙarya?”

“Aljanu? Kamar shan ruwa.”

“Ko don tausayi?”

Dattijon ya sa ƙafa ɗaya a keke, ya tsaya.

“Wannan ban taɓa gani ba. Amma ban ce babu ba.”

Keken ya tafi. Ana ta dubi abin da ke hannunta.

“Ashe hoton ya yi kyau,” ta ce. “Ashe na iya.”

Ta zauna a kan dakalin shagon Felicitas, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.