Hararar Da Ba Ta Yi Ba

"Auta! Zo ki gani da idonki, ta sake!"

Amarya ta tsaya cak a ƙofar falo da kofin shayi a hannu. Ba ta san abin da ta sake ba. Ita dai ta ajiye waya ta fito jin kiran surukarta, hasken taga ya daki fuskarta, kanta ya sara kamar ana buga masa ƙusa.

"Inna, ga shayin," ta faɗa tana durƙusawa.

"Ajiye can! Shayin da aka kawo da harara ba ya wuce maƙogwaro."

Auta, ƙanwar mijinta, ta leƙo tana taunar cingam. "Gaskiya Anti, fuskar nan taki sai a hankali. Kamar wadda netwok ya ɗauke wa ana tsakiyar hira."

"Wallahi ni ban harari kowa ba."

"To ni ce makauniya ke nan," in ji Inna. "Tashi ki ɗauko wayar ki karanta min abin da aka turo a guruf ɗin dangi. Da fuskar shanun ma haka zan saurara, ya zan yi?"

Amarya ta tashi ta je ɗauko wayar.

Auren so suka yi da mijinta, ba wanda ya haɗa su sai Allah. Direban babbar mota ne, yakan daɗe a hanya. Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa, Babba take ce masa, kowa ma ya bi. Ranar da zai koma aiki bayan aure ya miƙa wa Amarya sabuwar waya, ya ce, "Idan ba na nan, wannan ce ni."

To, wayar nan ba ta tsaya a shi kaɗai ba, ta zama jakin gida. Amarya tana ɗinkin kayan jarirai, masu saye ta waya suke turo hoto, ta waya ake zaɓar kala, ta waya ake ƙorafi. Inna kuma ba ta karatu, amma ba ta yarda gaisuwa ɗaya ta wuce ta a guruf ɗin dangi ba. Sai an karanta mata, an nuna mata hoton kowane jika, ta faɗi amsa a rubuta, ta ce a goge a sake. Shi ma Babba duk inda ya faka mota sai saƙo. In amsa ta yi jinkiri, sai ya turo: "Na ga kina onlayin. Wa ya fi ni?" Ga gilashin wayar ya tsage tun da ta faɗi a kicin, sai ta kawo ta dab da hanci take ganin rubutu.

Sannu a hankali idanunta suka koma kamar an watsa musu yashi. Ciwon kai ya taso daga goshi ya sauka a ƙeya. Zura zare a allura ya zama yaƙi. In ta ɗago daga waya, sai ta ga mutane dishi-dishi, sai ta yi da gaske kafin fuskarsu ta fito.

Farkon ciwon kan, Inna har fara'a ta yi, ta hana ta ɗaukar bokiti, tana zaton ƙaruwa aka samu. Da wata ya zagayo aka ga ba haka ba ne, sai ciwon ya koma ƙarya da lalaci.

"Kullum na kira ki, kanki ke ciwo. Amma in saƙon mai sayen riga ne, kan lafiya ƙalau!"

Amarya ta sha maganin ciwon kai har ta gaji. Ta gwada murmushi kafin ta shiga falo, ta gwada sunkuyar da kai. In ta sunkuyar, a ce girman kai ne ya hana ta kallon mutane. In ta ɗago, a ce harara. Ta rasa inda za ta sa kanta.

Ranar da tulun ya fashe, yayar Inna ce ta zo ziyara. Inna ta sa Amarya ta nemo hoton wata jika da aka turo tun da daɗewa. Ta duƙufa tana ja, tana ja, rubutu na gudu a gabanta, idanunta na yaji. Can baƙuwa ta ce, "'Yar nan, ya ƙoƙari? An ce ɗinki kike yi."

Amarya ta ɗago.

Baƙuwa ta ja baya, ta dafe ƙirji. "A'a! Me na yi miki, 'yata? Daga tambaya?"

Inna ta miƙe tsaye. "Ni kin saba, na haƙura. Yau har yayata? Kira min Babba! Kira shi yanzu!"

Haka Amarya ta danna lambar da hannunta, ta riƙe wayar a bakin Inna ana kai ƙararta.

"Ka dawo ka mayar da ita gidansu ta koyo tarbiyya. In ba za ka iya ba, ni in bar muku gidan. Ban haife ka don a riƙa kallona kamar kashi ba!"

Da baƙuwa ta tafi, Babba ya kira ta bidiyo. Amarya ta share hawaye, ta kawo wayar kusa don ta ga fuskarsa.

"Au, har ni?" ya ce. "Ashe gaskiya Inna ta faɗa. Wannan wane irin kallo ne?"

"Yallaɓai, wane kallo? Don Allah ku gaya min wane kallo! Kaina ne ke—"

"Sai na zo." Ya kashe.

Ta jefar da wayar kan katifa, ta kifa kai a kan keken ɗinki ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta san laifin da za ta tuba daga gare shi ba. Ta yi niyyar kiran mahaifiyarta, ta fasa. Me za ta ce? An kore ni saboda fuskata?

Babba ya iso da la'asar, ƙura har gira. Ko ruwa bai sha ba Inna ta zaunar da shi. Akwatin Amarya na jingine a bango, Auta ce aka sa ta fito da shi, tana yi tana gunaguni.

Aka kira Amarya. Dama ta daɗe a kan waya tana ba masu sayen kaya haƙuri ɗaya bayan ɗaya, tana cewa ɗinkinsu zai yi jinkiri. Ta shigo ta durƙusa, ta ɗago ta kalli mijinta.

"Ka gani ko!" Inna ta tafa hannu. "Ga shi nan a gabanka!"

Babba ya buɗe baki da zafi, sai ya tsaya. Ya ƙura mata ido. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, sun ƙanƙance, goshinta ya tattare, ruwa na taruwa a gefe.

"Ƙarfe nawa yanzu?" ya tambaye ta.

"Lokaci ka zo tambaya?" in ji Inna.

"Duba agogon can ki gaya min."

Amarya ta juya wajen agogon bango. Ta ƙara ƙanƙance ido, ta miƙa wuya. Hannayen agogon suka rabu biyu, suka haɗe, suka sake rabuwa. "Ban... bai fito ba tukuna."

"Inna, dubi fuskarta," in ji Babba a hankali. "Agogon ma laifi ya yi mata?"

Auta ta tuntsire da dariya. "Kai! Wallahi Anti ta harari agogo!"

"Na san fuskar nan," ya ci gaba. "Ita nake gani a madubin mota in na wuni ina kallon kwalta rana na ƙyalli. In na sauka a gidan mai, har tambayata ake ko faɗa na zo yi. Idonta ne ya gaji, Inna. Neman ganinmu take."

Amarya ta shafa goshinta, ta ji yadda ya tattare. Ashe haka take kallon mutane duk watannin nan! Kunya da sauƙi suka rufe ta lokaci guda.

Inna ta taɓe baki. "Namiji dai ba ya rasa wa matarsa uzuri. Sai likita ya faɗa na ji da kunnena."

Washegari har da Inna da Auta aka je asibitin ido. Likitar ta haska idon Amarya, ta sa ta karanta haruffa manya da ƙanana, ta girgiza kai.

"Yaya kike da waya?"

Amarya ta sunkuyar da kai.

"Wuni take a kai," in ji Auta. "Ga kwastomomi, ga Yaya da saƙonninsa, ga guruf ɗin su Inna da ba a hutu. Kuma sikirin ɗin a fashe."

"To shi ne," in ji likita. "Mai kallon waya mantawa yake da ƙifta ido, sai idon ya bushe. Ga kallon kusa ba hutu, dole kai ya ɗauka. Dama tana buƙatar tabarau, ba a sani ba. Zan rubuta shi, da maganin ɗigawa. Ta rage wayar sosai, in tana aiki ta riƙa ɗaga kai tana duban nesa. Amma Mama, duk gidan ba wanda ya lura tana matse ido haka?"

Inna ta gyara mayafi, ta kalli takalminta. "An lura," ta ce. Ba ta ƙara ba.

Da suka koma gida, Inna da kanta ta ja akwatin ta mayar ɗaki, ta hana kowa taɓawa. Babba ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Ni na ba ki wayar, ni na fi kowa matsa miki. Ki yafe min."

"Ai ka ce ita ce kai in ba ka nan," in ji Amarya tana murmushi. "Shi ya sa ban iya ajiye ta ba."

"To daga yau muryarki nake so. Zan kira, ki rufe ido mu yi hira."

Aka sauya gilashin wayar. Auta ta karɓi amsa wa masu sayen kaya. Ita kuma Inna aka koya mata danna wajen ɗaukar murya, ta riƙa aika gaisuwarta da kanta, da ƙarfin da har maƙwabta ma suke amsawa.

Ɗiga maganin kuwa, Inna ta ce ba mai yi sai ita. Ta zauna a kujera, ta ɗora kan Amarya a cinyarta, ta ɗaga kwalbar. Amarya ta runtse ido don kunya.

"Buɗe mana, 'yata," in ji Inna. "Harare ni da kyau in ɗiga."

Suka yi dariya har maganin ya zuba a kumatu, aka sake.

Haƙuri bai taɓa kayar da mai shi ba. Da Amarya ta rama da baki, da aure ya mutu a kan ciwon da kwalba ɗaya da tabarau suka warkar. Ido amana ne, kada a ƙarar da shi a kan gilashin waya. Kai kuma da ka ga an ɗaure maka fuska, kafin ka ce an raina ka, tambayi mai fuskar ko lafiya.