Ranar Da Yaya Babba Ta Kai Ƙara Asibiti

Wayyo duniya! Rana ta take, ga Fara'a zaune a bakin gado da jinjiri a cinya, hawayenta na ɗiga a goshinsa, shi ma yana tsala nasa kukan, ka rasa wa zai lallashi wani. Mutanen layi ne suka laƙaba mata Fara'a, don kafin ta haihu ko tuntuɓe ta yi sai ta yi dariya. Marainiya ce, ba uwa ba uba, daga Allah sai mijinta mai gyaran fanka. To tun da ta sauka dariyar ta ɗauke ɗif kamar wutar lantarki. Ko yaron ya yi barci ita idonta biyu, abinci ya koma mata kamar tana tauna katako, in ta dubi ɗan nan da ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta sai ta ji zuciyarta wayam, sai kuma ta fashe da kuka don ba ta ji komai ba...

Shi kuwa Mai Fanka mutumin kirki ne, sai dai a iya iliminsa duk abin da ya lalace a duniya zafi ne ya yi masa yawa. Da ya ga kukan ya ƙi ƙarewa sai ya ɗauko fanka daga shago ya kunna mata. Ba ta daina ba, ya ƙaro wata. Kafin ka ce me ɗakin ya cika da fankokin mutane, ta tsaye, ta tebur, har da wata mai karyayyen wuya da ke girgiza kai kamar tana jimami. Masu kaya in sun zo shago sai ya ce ana gwaji.

"Fara'a, ko in ƙara miki gudunta?"

"Ba zafi ba ne, maigida... Wallahi ni ma ban san mene ne ba."

Ana cikin haka sai ga Yaya Babba, yayar mijin, da ƙatuwar jaka, wai ta zo taimako. Taimakon kuwa shi ne ta kame a kujera gaban fankar da ta fi ƙarfi, ta saki baki.

"Sangarta ce! Mu da muke haihuwa da safe mu yi wanki da yamma? Ai na gano abin da ke cinta. Kunnuwan yaron ne! Ya ɗauko na gidanmu faka-faka, shi ne take baƙin ciki."

"Wallahi Yaya ba haka ba ne..."

"To yi masa dariya in gani!"

Baiwar Allah ta tattaro ƙarfinta za ta yi murmushi, bakin ya karkace, kuka ya ƙwace. Innalillahi! Nan take Yaya Babba ta yanke hukunci: za ta tafi da yaron gidanta ta raine shi da madara, uwar ta zauna ta ci kukanta. Fara'a ta durƙusa ta riƙe mata ƙafa tana roƙo, "Ki yi mini komai, Yaya, amma ki bar mini shi! Ya Allah ka dube ni!" Mai Fanka bai taɓa musu da matar da ta goya shi ba, ya sosa ƙeya ya ce a bari dai a kai yaron rigakafi tukuna.

"Ta kwana gidan sauƙi," in ji Yaya Babba. "A gaban likita zan tona ta, ka ji da kunnenka!"

A asibiti, likitar mata ta gama duba yaron, ta dubi uwar ta ce, "Ke fa, ya jikin?" Kafin Fara'a ta buɗe baki Yaya Babba ta miƙe ta ɗaura ɗamara.

"Ni za ki tambaya, likita! Ba ta barci, ba ta ci, ba ta wanka sai an yi da gaske. Haka take zama..." Ta langaɓar da wuya, ta ƙura wa bango ido, har da kwaikwayon shessheƙa. "Ya fi wata ana wannan abu! Da a ce tana da dalili ma!"

Likita ta ce, "Madalla, Hajiya. Ban taɓa samun wanda ya yi mini bayanin ciwon nan tsaf irin naki ba."

"Ciwo?" in ji Yaya Babba.

Likita ta kama hannun Fara'a, ta tambaye ta a hankali ko tunanin cutar da kanta yana zuwar mata. Fara'a ta girgiza kai, ta ce ita dai gani take yaron zai fi dacewa da wata uwar.

"Ciwon ne ke faɗa miki haka, ba gaskiya ba ne. Ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama mata da yawa. Ba sangarta ba ce, ba hauka ba, ba ƙin ɗa ba, kuma ana warkewa." Ta ba ta maganin da ba zai hana ta shayarwa ba, ta ce ta riƙa dawowa suna tattaunawa, ta ce kuma kada wanda ya raba ta da ɗanta. Sannan ta juya. "Ke kuma Hajiya, tunda kin fi kowa lura da ita, wanki da girki da raino naki ne, ta samu ta yi barci. Faɗa kuwa, ko tari kada ki yi mata."

"Likita, fankokin mutane da na jera mata a ɗaki fa?" in ji Mai Fanka.

"Mayar wa mutane kayansu! Ka zauna kusa da matarka ka saurare ta."

Ka san Yaya Babba da son yabo. Kafin su isa gida ta gaya wa duk layin cewa ita ta gano ciwon, likita ma ta sara mata. To wanda ya yi wannan shela ina ya ga bakin guduwa? Haka ta duƙa a gaban baho tana wanke ƙunzugu, ba fanka ba kujera, in faɗa ya taso mata sai ta huce a kan sabulu.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Yau da dama, gobe kuka, ga magani, ga zuwa wurin likita, ga Mai Fanka zaune yana sauraro, hannunsa na ƙaiƙayin neman abin da zai kunna. Sai wata safiya Yaya Babba ta ɗaga yaron tsirara tana yi masa kirari, "Mai kunnen gado, na gidanmu!" Gogan naka ya saita ta ya tsula mata fitsari tun daga goshi har haɓa.

Sai aka ji wata irin dariya daga bakin ƙofa, dariyar da aka daɗe ba a ji ba a gidan. Fara'a ce! Ta karɓi ɗanta ta rungume, ta sumbaci kunnuwan nan faka-faka, Mai Fanka na gefe yana sharar hawaye da tsumman goge mai.

Yaya Babba ta share fuska ta ce, "To kun gani? Har dariyar ma a kaina ta dawo."

Allah sarki! Mai haƙuri ya dafa dutse ya sha romo, Yaya Babba kuma ta wanke tukunyar.