Marubuciyar Tsibirin Marasa Suna

"Muryarki ce ko ba muryarki ba ce?"

Hajiya Jumma ce ta yi tambayar a tsakar gidanta, ba ta ɗaga murya ba.

Nuriya na durƙushe a gefen tabarma. Gaisuwa ta zo, domin saura wata biyu a ɗaura mata aure da Muhyiddeen, ɗan Hajiyar. Ko kwanon kopton zogalen da ta kawo ba a buɗe ba.

Wayar na hannun Zahra'u, 'yar ƙanen Hajiya, wadda duk unguwa ta san tun tana lise, makarantar sakandare, take son Muhyiddeen. Ta ƙara sauti, murya ta fito tar:

"...Boka Ɗan Gungu ya naɗe gashinta a hannunsa, ya ja ta har bakin ruwa. Ya ce, daga yau ba ki da suna, ba ki da uwa. Ranar da kika taka ƙafa wajen tsibirin nan, hankalinki zai bar jikinki..."

"Ya isa!" Hajiya ta ce. "Na tambaye ki."

Nuriya ta ɗago kai.

"Tawa ce, Hajiya. Ni na rubuta, ni na karanta."

Zahra'u ta tafa hannu.

"Kin ji ko, Gwaggo? Ko kunya babu! Babi talatin da bakwai, duk tsafi da jini da duka. Akwai wuraren da ko matar aure ba za ta iya saurara ba. Ina budurwa ta san waɗannan abubuwa in ba..."

Ta bar maganar a rataye.

Da rana Nuriya ma'aikaciya ce a wani buro, ofishin masu fiton kaya, kusa da duwan, wato kwastan na Gaya, tana cika takardun kamiyoyi, manyan motocin kayan da ke hawa gadar iyaka zuwa Malanville. In aiki ya lafa sai ta zaro kaye, littafin rubutunta, daga jaka. Shekara uku ke nan tana rubuta littafin Tsibirin Marasa Suna, labarin wani boka da ya mallaki tsibiri a tsakiyar kogi, yana tara mata yana ƙwace sunayensu. Wata tara ke nan, kowace Juma'a sai ta karanta babi ɗaya ta tura wa zaurukan mata a waya, da sunan 'Yar Bakin Kogi. Daga Dosso har Yamai ana jiran muryar nan, ba wanda ya san fuskarta.

Sai yau.

"Gidan nan gidan malamai ne," in ji Hajiya. "Ko ki goge wannan ƙazanta, ki rantse kin bari, ko a mayar wa mahaifinki Malam Siddo goronsa... mu karɓi namu."

Nuriya ta runtse ido. Ta ga fuskar Muhyiddeen a idonta, da murmushinsa mai tafe a hankali.

"Hajiya, ina girmama ki kamar uwar da ta haife ni. Amma ban rubuta ƙazanta ba. Na rubuta abin da ake yi wa mata ne, na sa masa rigar tsafi don a iya saurara. Ba zan goge ba."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi sallama. Sai da ta sha kwana hawayen ya zubo.

Da la'asar Muhyiddeen ya same ta a bakin kogi, inda mahaifinta ke ɗaure jirginsa. Daga gonakin shinkafa yake, malamin gona ne, takalmansa duk laka.

"Nurina..."

Ba ta juyo ba.

"Shekara biyu muna tare. Me ya sa sai a bakin Zahra'u zan ji?"

"Na ji tsoron wannan kallon da kake yi min yanzu."

Ya zauna a kan wani kifaffen kwalekwale, ya share fuska.

"Ba na zarginki, hasken idona, wallahi ba na zarginki. Amma ki taimake ni. Ki ce wa Inna kin bari. In an ɗaura aure, ƙura ta kwanta, sai ki rubuta wani abu mai taushi... na soyayya, irin wanda kowa ke yi."

"In yi mata ƙarya ke nan?"

"Ki sassauta dai."

"Ka saurari littafin?"



"Minti biyu aka kunna min."

Ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Minti biyu! Ni shekara uku na yi. Ka san saƙo nawa nake samu duk mako, Muhyiddeen? Mata na kira suna kuka, suna cewa wa ya gaya miki labarina? Ina son ka, Allah ya sani, son da ban taɓa yi wa kowa ba. Amma in sai na haɗiye muryata zan shiga gidanku, to ba ni za ka aura ba."

"Nuriya, kada ki yi mana haka..."

"Ba ni na yi ba."

Ta wuce ta bar shi zaune.

Bayan kwana uku aka aiko an fasa auren. Malam Siddo ya kira 'yarsa, ya daɗe yana gyaran komarsa kafin ya yi magana.

"Abin da kika rubuta, akwai saɓon Allah a ciki?"

"Babu, Baba. Azzalumi na nuna, ban yabe shi ba."

"To tashi ki ci abinci."

Gari ya ɗauka. A kasuwa ana nuna ta da baki, wani mai babur ɗin kabu-kabu ya ƙi ɗaukarta wai kada ta shafa masa aljanu. Zahra'u kuwa kullum tana gidan Hajiya, ita ce girki, ita ce wankin kayan Muhyiddeen.

Nuriya ta rame, amma kanta bai sunkuya ba. Ranar Juma'a ta tura babi na talatin da takwas. A ƙarshensa ta ce, "Mai karanta muku, Nuriya Siddo, daga Gaya."

Ta danna, ya tafi.

Mako biyar babu Muhyiddeen, babu saƙonsa. Sau da yawa ta ɗauki waya ta ajiye.

Wata Talata da hantsi tana buro sai ga shi a ƙofa, idanunsa jawur.

"Nurina, ki zo. Yaya Asabe na son ganinki."

Asabe yayarsa ce, tana aure a garin Karakara shekara tara. Nuriya sau ɗaya ta taɓa ganinta, mace mai shiru-shiru, kullum hannunta cikin mayafi.

"Ni aka kora daga gidanku."

"Na sani. Ba don ni ba... don ita."

Ta dube shi da kyau, ta ɗauki jakarta.

A ɗakin Hajiya suka tarar da Asabe kwance, an naɗe mata hannun hagu daga likita, gefen fuskarta a kumbure. Hajiya na zaune a ƙasa, ta zabga tagumi. Zahra'u na tsaye a bakin ƙofa.

Nuriya ta yi sallama. Asabe ta zabura.

"Ita ce! Inna, wannan muryar ce!"

Ta miƙo hannunta mai lafiya ta riƙe Nuriya gam.

"Shekara tara mijina yana dukana. In na zo gida Inna ta ce in yi haƙuri, in koma. Ban taɓa nuna mata jikina ba. Ya binne laya a bakin ƙofa a gabana, ya ce ranar da na tsallake ta da niyyar tafiya zan haukace, in bi titi tsirara. Na yarda, wallahi na yarda..."

Ta ja numfashi.

"Maƙwabciyata ce ke kunna min littafinki in ya tafi gona. Da aka zo wurin da Hamsatu, ɗaya daga matan tsibirin, ta sa ƙafa cikin ruwa tana jiran hauka, haukan bai zo ba... na yi kuka har na shiɗe. Shekaranjiya ya karya min hannu. Na goya 'yata Maryam, na tsaya a kan layar nan da ƙafafuna biyu, na karanta Ayatul Kursiyyu, na fito. Ga ni, Inna. Da hankalina."

Hajiya ta rufe fuska da zane, kafaɗunta na girgiza.

"Gwaggo, wannan ai dace ne kawai, littafin dai..." Zahra'u ta fara.

"Fita," in ji Hajiya, ba ta ko dube ta ba.

Nuriya ta zauna ta rungume Asabe. Wani abu ya cika mata ƙirji, ba daɗi ba ne zalla, ba kuma baƙin ciki ba. Ta dai san da za a mayar da ita ranar farko, abin da ta faɗa shi za ta sake faɗa.

A zaure Muhyiddeen ya tare ta.

"Na saurara. Duka, tun kafin Yaya ta zo. A gona, a kan babur, ko'ina. Na kai babi na ashirin na kasa cin abinci. Kunya ce ta hana ni zuwa, Nurina. Na ce ki rubuta mai taushi, alhali 'yar'uwata na can..."



"Mako biyar, Muhyiddeen."

"Na sani."

"Ko gaisuwa."

"Ki hukunta ni yadda kike so, sarauniyata. Amma kada ki ce kin daina sona."

Ta kau da kai don kada ya ga idonta.

"Da na iya dainawa da na huta."

Ranar Asabar Hajiya Jumma da kanta ta tako gidan Malam Siddo, da ƙwaryar goro a lulluɓe. Ta gana da iyaye, sannan ta ce a kira mata yarinyar.

Nuriya ta durƙusa.

"'Yata, na yi miki ba daidai ba. Tsufa bai hana ni kuskure ba. Ki yafe min."

"Babu komai, Hajiya."

"Inna za ki ce."

"...Inna."

"Asabe ta kunna min, na kai babi na sha huɗu. Har yanzu akwai wuraren da nake toshe kunne, ba zan ɓoye miki ba." Ta matso, ta rage murya. "Amma wannan la'anannen, Ɗan Gungu. Kin riga kin rubuta ƙarshensa?"

"Saura kaɗan, Inna."

"To kada ki kashe shi da sauƙi. Ki tara matan nan duka a gabansa, kowace ta faɗi sunanta da bakinta, yana ji yana gani."

Nuriya ta yi murmushi, hawaye na gangarowa.

"Haka za a yi."

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure. Alƙali ya raba auren Asabe mako guda kafin nan, ita ce ma ta yi wa amarya lalle da hannunta da ya warke. Mata suka cika motoci biyu daga Dosso, wasu suka tsallako gada daga Malanville, ba dangi ba ne, ba ƙawaye ba, sun zo ganin 'Yar Bakin Kogi ne kawai.

Da aka kai ta ɗakinta, ta tarar da tebur sabo a gefen taga, da kujera, da kaye goma a jere. Muhyiddeen na tsaye yana sosa ƙeya.

"Kafinta ya ce ƙafa ɗaya ta ɗan fi guntu. Zan sa a gyara."

Ta shafa teburin, ta girgiza shi, ya yi ɗan rawa.

"Bar shi haka, masoyina," ta ce, ta ja kujerar ta zauna da kayan amarcinta. "Miƙo min bik in fara rubutu."