Abin da Ya Amsa Sunan Toka

Gero na tafi ɗebowa, ba wani abu ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ni kuma sai a lokacin na tuna babu ko zangarniya ɗaya da za a sussuka don furar gobe. A ƙauyenmu, nan gefen Dantchiao, mace ba ta shiga rumbu. Maigida ke hawa ya buɗe, ya jefo dami, matar ta ɗauka ba ta san abin da ya rage ba. To nawa maigidan yana Aljeri cin rani, ƙanensa da ya bar wa aikin kuma ya tafi kasuwar Magarya ya yi zamansa. Yunwa ba ta san al'ada ba. Na ɗauki tsani a zaure, na saɓa igiyar guga, na nufi bayan gida.

Amma kafin in kai ku rumbun, sai kun san Toka.

Kyanwa ce. Da kanta ta shigo mana wata damina, jiƙe sharkaf, ba ta fi tafin hannu ba, ƴata ta fari ta ɗauke ta ta sa a zanenta. Ba zan faɗi sunan yarinyar ba tukuna, ƴar fari ce, ku ma kun san kunya. Tun da na haife ta har zuwa lokacin bakina bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko Ƴar Iya, don surukata Iya ce ta yaye ta, a ɗakinta take kwana. Ba na yabonta, ba na janta a jiki gaban mutane. Amma ina iya ɗaukar kyanwarta in shafa in ce, "Toka, kin ci abinci kuwa? Toka, yau kin yi kyau." Yarinyar tana gefe tana dariya, ta san da wa nake.

Duk gidan Toka ta saye mu. Iya da ke cewa ba ta son dabba mai gashi, ita ce ke ɓoye mata kan kifi a bakin zane. Maigidana in ya kira salula, kafin ya tambayi gona sai ya tambayi Toka.

Da bazara ta ci ɓeran da ya ci guba. Na same ta bayan randa da hantsi, ta sandare, yarinyar tana lakkwal, makarantar boko. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa, kuka na yi kamar wani nawa ya tafi. Mutane juji suke jefa mushe, ni na kasa. Na naɗe ta a tsohon ɗankwalina na binne ta gindin zogale.

Iya ta ce kada a gaya wa yarinyar. Ba a gaya wa yaro mutuwa, in ji ta, su ma haka aka yi musu, ga su sun tsufa lafiya. A ce Toka ta hau amalanken masu kai gyaɗa garin Waca, za ta dawo. Haka aka faɗa mata, ta kuwa yarda, don Iya ba ta taɓa yi mata ƙarya ba.

Sai ta shiga jira. Kullum da almuru ta zuba nono a gwangwanin sardin, ta tsaya ƙofar gida tana kira, "Toka, mus, mus." Iya ta tsawata mata, ta ce ba a kiran kowa da almuru. Ta daina a ƙofar gida, ta koma bayan gida inda ba a jinta. Ba a daɗe ba muka fara ganin gwangwanin a lashe tas da safe. Muka ce magen maƙwabta ce, ta samu banza.

Daga nan yarinyar ta bar cin abinci. Ta rame har wuyanta ya fito. Na kai ta likita, majo, ma'aikacin asibitin, ya duba ya ce bai ga ciwon komai ba. Abin da ya fi damuna, ba ta cikin baƙin ciki. Murmushi take yi. Ta ce wa Iya ai Toka ta dawo, a rumbu take, kunyar mutane take ji. Iya ta ce shirmen yara ne. Ni ma haka na ce, don shi ya fi sauƙin faɗa.

To, ran nan na jingina tsani a jikin rumbu. Namu na ƙasa ne, irin mai baki a sama, da hular ciyawa. Ina hawa na ga hular a karkace. Na ce iska ce. Na ture ta, na leƙa.

Zafi ya bugi fuskata, da warin ƙaiƙayi da kashin ɓera. Geron ya yi ƙasa sosai, rumbun ya yi zurfi fiye da yadda na zata. Can ƙasa, a ɗan hasken da ya shiga, ga yarinyata zaune kan dami, ta naɗe ƙafa, hannunta yana shafa wani abu a cinyarta.

Ni na ɗauko tsanin daga zaure da hannuna. Babu wani tsani a gidan.

"Ke," na ce. "Wa ya sa ki nan?"

Ba ta ɗago ba. Hannun yana tafiya, yana dawowa.

Da na yi hankali, da na sauka na kira maza. Amma uwa da hankali ba su cika zama wuri ɗaya ba. Na ɗaura igiyar a kan tsani, na zura ƙafa, na sulala ciki. Ƙafata tana taɓa gero na ji ladan ya ɗaga murya. A daidai lokacin igiyar ta faɗo mini a ka, duka, har da ƙullin da na yi, bai ko kwance ba.

Na ɗaga kai. Hular tana tafiya a hankali, ita kaɗai, tana ƙara kamar ana jan tabarma. Hasken ya zama kamar jinjirin wata. Ya ɓace.

Kiran sallar ya yanke, kamar an toshe mini kunne.

Na yi ihu. Muryata ba ta je ko'ina ba, bango ya shanye ta. Na yi tsalle, na kai hannu, ban taɓa komai ba. Na lalubi bangon, sumul yake, da ɗumi. Na fara jawo dammunan gero in tara in taka, duk wanda na ɗora sai ya zame. Ƙaiƙayi ya shiga idona, ya shiga wuyana, ya shiga maƙogwarona. Numfashi ya fara yi mini wuya.

Sai na ji gurnani.

Na san gurnanin Toka, na sha jin sa a cinyata. Wannan irinsa ne, sai dai ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Daga ƙarƙashin geron yake, daga bango, har cikin haƙorana nake jin sa. Kuma Toka takan tsaya ta ja numfashi. Wannan bai tsaya ba.

Na rarrafa na laluba har na kama ƙafar yarinyar. Sanyi ƙalau, a cikin wannan zafin.

"Tashi mu tafi," na raɗa mata.

"Toka ta ce in zauna," in ji ta. "Ta ce akwai hanya nan ƙasa, za ta nuna mini inda ta je."

Na ja ta. Ba ta motsa ba. Yarinyar da ta rame kamar kara, ta fi turmi nauyi. Na kai hannu cinyarta don in ture abin da ke kai. Na taɓa gashi mai laushi. Na bi shi da hannu. Na bi, na bi, har hannuna ya miƙe, bayan bai ƙare ba.

Warin ƙasa jiƙaƙƙiya ya tashi, da wani wari a bayansa wanda na san shi a juji.

Na buɗe baki in yi Ayatul Kursiyyu. Wallahi tun ina ƙarama na haddace ta. Na kama farkon, tsakiyar ta gudu. Na sake kamawa, ta sake gudu.

Gero ya fara motsi a ƙarƙashinmu. Ba da ƙarfi ba. Yana tsiyaya ƙasa kamar an huda buhu. Na ji ƙafar yarinyar tana nutsewa, sai gwiwarta.

Abin ya yi kukan kyanwa, siriri. A cikin kukan na ji sunan ƴata, sarai, yadda Iya ke kiranta.

"Na'am," in ji ta.

Ta nutse zuwa ƙugu.

A nan tsoro ya sake ni, haushi ya kama ni. Ni na yi naƙudarta, ni ban taɓa kiran sunan nan ba, ga wani abu a rumbun mijina yana kira tana amsawa. Na rungume ta ta baya, na sa bakina a kunnenta.

"Aziza."

Jikinta ya yi tsam.

"Aziza, ni ce Innarki. Toka ba ta je Waca ba. Toka ta mutu."

Gurnanin ya tsaya cak.

"Guba ta ci. Ni na ɗauke ta, ni na naɗe ta a ɗankwalina, ni na binne ta gindin zogale. Ba za ta dawo ba. Wannan ba ita ba ce."

Ina jin bugun zuciyarta a hannuna. Wani numfashi mai zafi yana sauka a ƙeyata, a hankali, daga sama.

"Inna," ta ce, da ƙyar. "Ta ji ciwo?"

"Ta ji. Amma ba ta daɗe ba."

Sai ta fashe da kuka. Kuka na gaske, mai majina da shessheƙa, wanda muka hana ta tun ranar. Tana fara shi nauyin ya sake ta. Na fizge ta daga cikin geron kamar ana cire rogo, na ɗora ta a wuya, na miƙe.

"Tura hular. Da kai, da hannu, tura."

Ta tura. Iska ta shigo, da ɗan haske, da muryar liman yana karatu. Ta kama bakin rumbun, na ture tafin ƙafarta, ta fita. Na ji ta tana sauka tsani tana kiran Iya.

Ni na rage.

Ban duba ƙasa ba. Sama na kafa wa ido, wannan ɗan zagayen. Wani abu ya shafi ƙafata, yadda kyanwa ke yi in tana son nono. Ya zagaya. Ya sake zagayawa, ya hau har gwiwa, yana matsewa.

Ya yi kukan nan siriri. Wannan karon sunana ne a ciki.

Ina son Toka. Allah ya sani har bakina ya buɗe. Na cusa gefen zanena a baki na cije.

Gero ya kai mini cinya lokacin da igiya ta faɗo. Baba Barau maƙwabcinmu ne, Iya ta fizgo shi daga kan buzunsa. Na naɗa igiyar a hannu biyu, suka ja, shi da wasu maza. Abin bai sake ni da daɗi ba. Takalmina ɗaya yana can, da fatar idon sawuna.

Washegari aka kira malam ya yi addu'a, maza suka fasa rumbun ta gefe. Geron yana nan yadda yake, ba rami, ba komai, ba takalmi. Duk da haka babu wanda ya yarda ya ci, jakuna ma suka shinshina suka kau da kai. Malam bai yi dogon bayani ba. Ya ce suna in mai shi ya tafi kamar gidan da aka bari ne a buɗe, in kana ta kira, akwai masu jiran wurin kwana.

Na kai Aziza gindin zogale, muka zauna muka yi kukanmu tare. Da yamma ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Tun daga ranar sunanta nake kira, a gaban kowa. Matan unguwa sun yi gulmarsu sun gaji, sun ce ni Huraira na zubar da kunya. Iya ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. Sai dai ta kira jikarta ɗaki ta roƙe ta gafara, tsohuwa da furfurarta.

Ba mu sake ajiye kyanwa ba. Ba tsoro ba ne, wurin ne bai warke ba.

Da kaka ta zagayo Iya ta kwanta ciwo, Allah ya yi mata rasuwa. Bayan an kai ta, gida cike da mata, ɗana ƙarami Salisu ya dinga bin ɗakuna yana nemanta. Wata goggonsu ta ɗauke shi tana rarrashi, ta ce ya yi shiru, Iya kasuwa ta tafi, yanzu za ta dawo masa da alewa.

Aziza ta tashi daga inda take. Ta karɓe shi daga hannun goggon, ta zaunar da shi, ta durƙusa har idonsu ya daidaita.

"Ba kasuwa ta je ba," ta ce. "Iya ta mutu, ba za ta dawo ba. Ka yi kuka, ni ma zan yi. Amma kada ka kira ta."