Canja Harafin, Kaka

"Kaka, ki ba ni mukullin!"

Takwara ce, jikata, tsaye a bakin ƙofa, ta rungume kwamfuta, idanunta sun kaɗa sun yi jawur.

"Ba inda za ki. Yana waje kuma."

Mai gyaran waya nake nufi. Shi ya fara koya mata kwamfuta, shi ya tafi da zuciyarta. Ni kuwa ɗan mai gidan da muke haya na zaɓa mata, mai baƙar mota, mai gaisuwa har ƙasa, ba ya zuwa hannu rabbana.

Ban yi boko ba, amma abu ba ya wuce ni. Duk ranar da na hango mai gyara a bayanta, maɓallin riga ɗaya nake jefawa a gwangwani.

Na girgiza mata shi.

"Ji nan! Tasha, ƙofar asibiti, bakin layi... Mai bin mace haka maye ne, ba masoyi ba!"

Sai ta durƙusa ta buɗe kwamfutar a cinyata.

"Jarrabawata ta gobe ke nan. Kin ga layin rubutun nan? Na'ura za ta bi shi harafi bayan harafi, tana zagayowa har ya ƙare. Duk inda ta ci karo da wanda na nuna mata, ta ƙara ɗaya."

"Ai gwangwanina ke nan, ja'ira. A kan wannan kike hana ido barci?"

Ba ta yi dariya ba.

"Wanda aka ce ta nema kaɗai take gani. Sauran ko sun cika layin, wuce su take kamar makauniya." Ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau. "Canja harafin, Kaka... Koma ranakun nan, ki nemi baƙar mota."

Na zazzage maɓallan a zanena, na ɗau na farko.

Tasha... motar na bayan rumfar mai jarida.

Asibiti... tana gindin bishiya, gilashi a rufe.

Bakin layi... tana nan. Kuma ita ke riga mai gyara zuwa.

Har na kai na ƙarshe, babu ranar da ba ta ciki.

"Tun yaushe?"

"Tun da na ce wa ɗan mai gida a'a. Ya ce in ba shi ba, ba kowa."

"Kika yi min shiru?"

"Kin karɓi kayansa, Kaka! A gidan ubansa muke!" Hawaye suka ɓalle mata. "Wancan bawan Allah shagonsa yake rufewa ya biyo ni, don kar a same ni ni kaɗai..."

Na leƙa taga. Motar na kan kwana, injinta na ci. Mai gyara na tsaye tsakaninta da ƙofarmu, ba ko sanda a hannunsa.

Na tattaro kayan da ɗan mai gida ya kawo min: fanka, bargo, rediyo, har ragowar turaren da na fara shafawa. Da kaina na sauka na jibge su a kan motar.

"Ga naka. Ko allurarka ban riƙe ba."

Gilashin bai sauka ba. A hankali motar ta ja, kayan na zubewa a titi.

Mai gyara ya russuna.

"Tashi, ɗan nan. Ni ce da bashinka yanzu."

Takwara ta fito ba takalmi.

"Rabin raina, ba abin da ya same ka?"

"Tunda kina tsaye, lafiyata lau."

"To, a gabana? Ku shige ciki, marasa kunya!"

Kafin wata ya mutu mun bar gidan. An ɗaura musu aure, ina tare da su a sabon wuri, ɗakina na kallon titi.

Gwangwanin na bakin taga, yanzu baƙar mota nake ƙirgawa da shi. Ya daɗe ba komai a cikinsa.

Jiya na jefa ɗaya.