Layi na Huɗu

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana tsaye a ƙofar shagon babanta kafinta, ya ɗaga wata sanda mai gashi a kai kamar ya tsire kyanwa, kunnuwansa a toshe da abin sauraro. Abinci ta kawo wa Baba.

Ta ce, "Malam, matsa mini."

Ya ɗora yatsa a baki. Yarinyar da ko yayyenta ba sa iya sa ta yi shiru, sai ga shi ta yi. Daga nan mai hankali ya san an gama.

Da ya sauke sandar ya ce sana'arsa naɗar sauti, kukan tsuntsu, zubar ruwa, ƙarar zarto, yana kai wa masu fim da gidan rediyo. Mai Kunne ake ce masa. Ya kunna mata wata tsohuwar rikoda da ta sha ɗauri da roba. Zarto ya cinye komai, muryarta can ƙasa kamar ta sauro.

"Wannan ce sana'ar?"

"Rikodar ce, komai a tukunya ɗaya take zubawa. Wata rana zan tsamo muryarki daga hayaniyar duniya."

"Fara tsame kanka daga ƙofa, abinci na hucewa."

Kafin wata uku, wayar Auta ba ta hutawa. Amma da magana ta je kunnen Baba, ko kai bai ɗaga daga katako ba.

"Mai naɗar maganar mutane? Gulma ce aka saya wa na'ura. In ya shigo gidana, tari ma sai na yi shawara. Ga mai shagon fenti nan yana nemanta, kowa ya san abin da ke cikin gwangwaninsa."

Shi mai fentin ne ma ya kawo labari, yana murmushi, wai an ga Mai Kunne a ƙasa yana taka sayyada, babu babur ɗin da ya saba hawa. Ga shi kwana goma Mai Kunne bai leƙo ba. Auta ta rubuta masa:

"In ka gaji ka faɗa, ba sai ka ɓoye ba."

Amsa ta zo nan take:

"Zumata, babur na sayar na sayi rikoda ta ƙwararru. Kwana goma nake koyonta don kar in ji kunya a gabanki. Ƙafa na tafiya, zuciya na wajenki."

Ta karanta sau bakwai, ta ce wa Mama ko a jikinta.

Masu fim suna son ƙarar aikin kafinta. Mai Kunne ya roƙi Baba ya bar shi ya naɗa a shagonsa, kuma abin mamaki Baba ya ce to. Ya zo da safe, ya fito da sabuwar rikodar daga jaka, ba ta kai bulo girma ba, baƙa, mai kyau, fitilunta na lumshe ido. Makirufo huɗu take ɗauka, kowanne da layinsa, ba mai shiga gonar wani. Ɗaya ya kafa gun zarto, ɗaya gun guduma, ɗaya a ƙofa, ƙaramin da ba shi da waya ya maƙala wa Baba a wuyan riga. Auta na raɓe tana kallon yadda yake murza kowanne a hankali kamar mai shafa kan jinjiri.

Ana tsaka da aiki, Baba ya ajiye guduma, ya shige cikin gida ta ƙofar baya, abin nan na wuyansa.

Mai Kunne ya fizge abin sauraro kamar kunama ta harbe shi, ya zare layi na huɗu, ya naɗe hannu yana kallon rufi.

Da Baba ya dawo, Mai Kunne ya durƙusa.

"Baba, ka shiga gida da makirufo. Na ji ka ce 'Ke, zo ki ji', sai na cire."

"Haka kowa zai ce. Kunna."

Ya kunna ɗaya bayan ɗaya. Zarto shi kaɗai, tas. Guduma ita kaɗai. Ƙofa, da wucewar keke, da 'yar dariyar Auta. Layi na huɗu kuwa numfashin Baba, takunsa, "Ke, zo ki ji", sai shiru kamar an rufe rijiya.

Baba ya daɗe yana kaɗe garin katako daga rigarsa, rigar da babu komai a jikinta.

"Kana da manya?"

"Ina da su, Baba."

"Su zo. A ƙafa ma ya yi, tunda ka saba."

Auta ta ruga cikin gida. "Mama, me Baba ya ce miki ɗazu?"

Mama ta ci gaba da ninke kaya. "Ni? Da wuyan rigarsa yake magana. Cewa ya yi, yaro, in kana jina, ka tattara wayoyinka, ba ni ba kai."

"To da ya ji fa?"

"Da fuskarsa ta nuna. Shekara talatin ina tare da ubanki, ko ƙusa bai taɓa mantawa a aljihu ba."

Aka ɗaura aure bayan wata biyu. Mai fenti ya shafa wa gadon da Baba ya ƙera fenti, ya yi kyau, sai dai bai tsaya cin abinci ba. Ango ya kafa makirufonsa, taro na ta hayaniya, ya miƙa wa amarya ƙaramin.

"Wannan layinki ne, Zumata, ke kaɗai."

Ta sunkuyar da kai ta faɗi abin da ta faɗa. Shi ya ji, mu ba mu ji ba, kuma an shaida ba a bakinsa za mu ji ba. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, masu kunnen ubansu, ban da bakin uwarsu.