Ranar da Kwamfuta Ta Zagi Kakar Umma

Umma na ninke kaya a ɗakinta, gefen tagar da ba ta nuna komai sai taurari. Shekara sittin ke nan jirgin sararin samaniya yana tafe da danginsu, bai sauka ko'ina ba. Autanta, mai gyaran bututun iska, ya rakuɓe a bakin ƙofa.

"Kada ka ƙara kawo mini zancen yarinyar nan! Ba da labari sana'a ce? Kowa na aiki, ita tana tara yara tana kiran sunan matattu!"

"Haba Umma, ita kaɗai fa ta riƙe tarihin danginmu."

"Ta juye wa kwamfuta, ta kama aikin lambu kamar 'ya'yan mutane. In ba haka ba, auren nan ba da yawuna ba!"

Yarinyar, da ake kira 'Yar Baka, ta ƙi. Ta ce daga baki aka ba ta, a kunne za ta ajiye. Shi kuwa sakaran, Allah ya shirye shi, ya ɓoye rikoda a aljihu, ya naɗe ta tana ba yara labari, ya loda a kwamfuta.

Da ta ji, ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ya ce, "Sori mana, don a bar mu mu yi aure ne..."

"Riƙe sorinka," ta ce. Ba ta kai ƙararsa gun kowa ba.

Umma kuwa ta sa aka kunna a zauren cin abinci, da rana tsaka, kowa na zaune. Kwamfuta ta rubuce abin da ta ji, tana karantowa da tata muryar. Aka zo kan kakar Umma, wadda ta shigo da dangi jirgi sa'ad da rijiyoyi suka ƙafe.

"Kishi ne ya koro ta daga duniya," in ji sifika. "Kishi ya hana ta barci. Kishi ya tsattsaga mata leɓe."

Zaure ya kece da dariya. Wata ta ce, "Ashe gado ne!"

Umma ta miƙe. "Ƙarya kike, shegiyar na'ura! 'Yar nan, don Allah taso ki wanke mini kakata!"

'Yar Baka ta taso. "Ƙishi ne, jama'a. Ƙishin ruwa." Ta faɗi yadda matar ta yi kwana uku ba ta kurɓa ba, ta ɗura wa jaririyar da ke bayanta ɗan abin da ya rage. Jaririyar ita ta haifi Umma.

Umma ta rushe da kuka, ta riƙo hannunta, ta juya ga autanta. "Kai kuma, tsayuwar me kake? Durƙusa ka ba ta haƙuri, ka je ka kira kawunanka!"

To kun ji, jikokina. Ku daina raina abin da mutum ya riƙe don ba ku ga amfaninsa yau ba. 'Yar Baka ta yi haƙuri, ta riƙe amanarta, Allah ya ba ta miji da uwar miji a yini guda.